LISSAFI A MAKARANTUN GWAMNATI: MANHAJA NA KAN TAKARDA, AIKI NA HANNUN MALAMI

Jawabin da Kwamitin Ilmi na ƙungiya ya gabatar a taron iyayen yara da malaman makaranta, a Jos





Muna godiya ga Allah da ya tara mu lafiya, muna kuma godiya ga waɗanda suka rufe shago, suka bar rumfa, suka taso daga Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo da Rikkos da Ali Kazaure, har da 'yan uwanmu na Bukuru. An umarce mu mu yi magana a kan lissafi a makarantun gwamnati: abin da hukuma ta ce a koyar, da irin taimakon da ake ba wanda zai koyar. To, maganarmu duka guda ɗaya ce. Manhaja alkawari ne da hukuma ta ɗaukar wa kowane yaro, amma takarda ba ta shiga aji ta riƙe alli. Malami ne ke cika alkawarin, kuma in ba a tallafi malami ba, alkawarin zai ƙare a cikin kabad ɗin hedimasta.

Me ya sa lissafi ya dame mu?

Jama'a, mu da ke zaune a garin nan mun san irin tambayoyin da ake wa 'ya'yanmu idan sun je neman takardar shaidar asali, ko gurbin karatu, ko tallafi. Wannan magana ce mai tsawo, tana da ranarta. Amma akwai wuri ɗaya da ba a tambayar yaro garin kakansa, wato takardar jarrabawa. Mai duba takardar WAEC ko ta NECO lambar ɗalibi yake gani da amsarsa. In amsa 35 ce, to 35 ce, ko Bahaushe ya rubuta, ko Birom, ko Angas. Shekara da shekaru sharaɗin shiga jami'a shi ne kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi. A shekarar 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta sassauta sharaɗin lissafi ga masu neman wasu darussan adabi, amma duk mai son likitanci, ko injiniya, ko akanta, ko kimiyyar kwamfuta, ƙofarsa tana nan a kulle sai da wannan mabuɗi. Ƙofar da ba a kallon fuska kafin a buɗe ta, ai bai kamata a ce yaranmu sun zo bakinta babu mabuɗi ba.

Daga ina manhaja take fitowa?

Da yawa daga cikin iyaye suna zaton malami ne ke zaɓen abin da ya ga dama ya koyar. Ba haka ba ne. Manhaja ta ƙasa ce baki ɗaya. Hukumar NERDC, wadda aka kafa a 1988, ita ke tsara ta. Daga nan Ma'aikatar Ilmi ta Jiha ke rarraba ta zango-zango, mako-mako. Hukumar SUBEB ta jiha ke kula da ilmin tushe, sannan ofishin ilmi na ƙaramar hukuma ke kula da makarantun firamare da malamansu. Jihar Filato tana da ƙananan hukumomi 17, kuma abin da aka rubuta wa ɗan aji huɗu a Jos ta Arewa shi aka rubuta wa ɗan aji huɗu a Langtang, shi ne kuma na Kano da Legas.

Wannan manhaja ta sha canji. A shekarun 1960 aka shigo da wani salo da ake kira lissafin zamani, wanda aka tsara littattafansa a Entebbe ta ƙasar Uganda da taimakon masana daga Amurka. An kawo littattafai, amma yawancin malamai ba a horar da su yadda ya kamata ba. Iyaye suka fara kukan cewa yara suna zane-zane a allo amma ba su iya tarawa da ɗebewa ba. A farkon 1977 Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya ba da sanarwar soke shi a firamare. A daidai wannan lokaci kuma, shirin UPE na 1976 ya cika azuzuwa da yara fiye da yadda aka yi tsammani, sai aka shiga horar da malamai cikin gaggawa. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, a Kaduna.

Bayan nan aka zo da tsarin 6-3-3-4. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004, ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne. A 2008 aka fara aiki da manhajar shekara tara, a 2014 aka fara aiki da wadda aka yi wa gyara aka rage yawan darussa, a 2025 aka sake wani gyaran. A duk waɗannan canje-canje lissafi bai taɓa fita daga jerin darussan dole ba. Darasin da tarihin nan ya koya mana kuwa a fili yake: sau nawa aka canza takarda, amma duk lokacin da aka manta da malami, sai a koma gidan jiya.

Abin da manhaja ta ƙunsa

In aka cire manyan kalmomi, lissafin firamare da ƙaramar sakandare bai wuce abubuwa kaɗan ba. Akwai sanin lambobi da matsayinsu, wato gidan ɗaya, gidan goma, gidan ɗari. Akwai tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa. Akwai awo: tsawo, nauyi, lokaci, kuɗi. Akwai siffofi. Akwai ƙididdigar yau da kullum. Sai aljabara, wadda take ƙarfi idan an shiga ƙaramar sakandare.

Abin lura shi ne yadda aka jera su. An jera su ne kamar tubalin gini, kowace shekara a dawo kan abin da aka yi bara a ɗora wani sahu. To, a nan gizo ke saƙa. Darasin tarihi, in yaro ya rasa na wannan mako, zai iya gane na mako mai zuwa. Lissafi ba haka yake ba. Yaron da bai gane gidan goma a aji biyu ba, ba zai iya ɗebewa mai aro a aji uku ba. Wanda bai riƙe jadawalin ninkawa ba, rabawa za ta gagare shi. Wanda rabawa ta gagara, lissafin ɓangarori zai zame masa dare. Haka za a yi ta tura shi gaba aji-aji, har ya isa babbar sakandare yana kwafar aljabara daga allo kamar mai zanen hatimi, bai san me yake rubutawa ba. Sai ran da sakamako ya fito a ce WAEC ta kayar da shi. Alhali kuwa ruwa ba ya tsami banza. Faɗuwar da aka gani a shekara ta goma sha biyu, tun aji uku aka yi ta.

Halin da malami ke ciki

Kafin mu ɗora wa malami laifi, mu tsaya a inda yake tsaye. Manufar ilmi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Kowa a ɗakin nan ya san ajin da ya ninka haka. A firamare galibi malami ɗaya ke koyar da kusan komai, kuma ba kowane mai takardar NCE ne ya karanci lissafi ba. Akwai wanda shi kansa tsoron lissafi ne ya kai shi wani fannin. An ba shi tsarin mako-mako, sifeto zai zo ya duba ko ya kai inda aka ce ya kai. To me zai yi? Sai ya bi takarda ya bar yara a baya. Ga albashin da ba kullum yake zuwa a kan kari ba. Ga kuma abin da rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 suka bar mana: unguwanni sun rabu, har ta kai akwai malamin da in an tura shi wata makaranta sai ya yi ta neman canji don ba ya jin zai shiga unguwar da kwanciyar hankali. Wannan ya shafe mu, ya shafi maƙwabtanmu, kuma yaro ne ke biyan kuɗin.

Taimakon da aka taɓa kawowa

Ba a ce ba a yi komai ba. Akwai abin da ya kamata kowane mahaifi a jihar nan ya sani. A 2006 Gwamnatin Tarayya da hukumar JICA ta ƙasar Japan suka fara wani shiri mai suna SMASE, don ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya a firamare. An ɗauko salon ne daga Kenya, inda aka fara shi a 1998. Jihohi uku aka zaɓa don gwaji: Kaduna, Neja da Filato. Wato jiharmu tana cikin na farko. A 2010 aka shiga kashi na biyu, aka faɗaɗa shi zuwa sauran jihohi, NTI ta Kaduna ta zama cibiyar horaswar.

Abin da shirin ke koya wa malami ba wani abu ne mai tsada ba. Ya ce a daina cika allo da rubutu yara na kwafa. A ba yaro abin da zai taɓa da hannunsa, ya gwada, ya faɗi yadda ya samo amsa. In babu kayan aiki daga ofis, malami ya ƙirƙira daga abin da ke kusa: marafan kwalba, tsakuwa, tsinken tsintsiya a ɗaure goma-goma, kwalin da aka yanka gida huɗu ko takwas. Sannan malami ya shirya darasi, ya koyar, ya duba inda yara suka ɓata, ya gyara. Yaron da ya kwance damin tsinke goma da hannunsa don ya ɗebe bakwai, ba sai an yi masa dogon bayani a kan aro ba.

Amma tsarin horaswar hawa-hawa ne. Na ƙasa su horar da na jiha, na jiha su horar da zaɓaɓɓun malamai, su kuma su horar da sauran. Kun san in ana miƙa bokitin ruwa daga hannu zuwa hannu, kafin ya kai ga na ƙarshe an zubar da rabi. Bugu da ƙari, waɗanda aka horar shekarun baya wasu sun yi ritaya, wasu an canza musu aiki, an kuma ɗauki sababbi. Bita ta mako ɗaya, in babu mai biyo baya ya leƙa aji, takardar shaida kawai take bari. Don haka tambayar da ta dace mu riƙa yi a kowace makaranta ita ce: malamai nawa ne a nan suka sami irin wannan horo, yaushe rabon su da shi, kuma wa ke zuwa ya ga yadda suke aiki da shi?

Game da kuɗi kuma, dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Tarayya don ilmin tushe. Akwai kason gine-gine wanda jiha ba ta samunsa sai ta ajiye nata daidai da shi, akwai kason littattafai da kayan koyarwa, akwai na horar da malamai. Wannan kuɗin jama'a ne. Tambayar inda ya shiga ba rashin kunya ba ce, muddin an yi ta da ladabi kuma a rubuce.

Lissafi ba baƙonmu ba ne

Akwai maganar da muke ji a bakin wasu yara, wai su kansu ba na lissafi ba ne. Subhanallahi! Jikan wa? Kakanninmu da suka zo ƙasar nan zamanin haƙar kuza sun yi fatauci da awo da bashi da riba, galibi da ka. Tun kafin zuwan sulalla ana ƙirga wuri dubu-dubu a kasuwannin ƙasar Hausa. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake jera lambobi a gidajen hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, kuma masana tarihin lissafi na duniya suna ambatonsa har yau. A zamaninmu ga Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Iyayenmu malamai da ke zaune a nan gaba, ku ne shaidu. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da uwa, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, ya bar Naira 240,000 bayan an biya bashi. Mata tana da sumuni, uwa tana da sudusi. Malami zai ce asalin mas'ala daga 24 ne. Mata ta ɗauki 30,000, uwa 40,000, saura 170,000 a kasa biyar: kowane namiji 68,000, mace 34,000. To wannan 24 ɗin da malam ya nemo, wato ƙaramar lambar da 8 da 6 duk za su raba ta ba saura, shi ne ainihin abin da manhaja ke koya wa ɗan firamare kafin ya iya tara ɓangarori. Mai fitar da zakka yana ɗaukar ɗaya cikin arba'in, a makaranta a ce kashi biyu da rabi cikin ɗari. Yarinyar da ke ba da canji a Farin Gada ba ta kuskure, uwar adashi ba ta ɓata lissafin zubi. Ilmin yana nan a gidajenmu. Abin da ya rage shi ne a haɗa shi da na allo.

Nan ne maganar harshe ta shigo. Tun 1977 manufar ilmi ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankin da yake. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife a shekarun 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci ba su gaza ba. A ƙarshen 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwar komawa ga Turanci a matsayin harshen koyarwa. Ko ma mene ne ra'ayin mutum a kan wannan, jarrabawa da Turanci take zuwa, dole yaro ya san kalmomin. Amma babu dokar da ta hana uba ko yaya ko malamin darasin yamma ya warware wa yaro da Hausa. A ce masa rabi, sulusi, rubu'i, ya gane, sannan a ba shi sunan Turancin.

Abin da ke hannunmu

Kwamiti ya kawo shawarwari biyar, kuma babu wadda sai an jira gwamna.

Na farko, kowane mahaifi ya gwada ɗansa yau da dare. Ba sai ka yi boko ba. In ya kai aji uku, ka ce ya rubuta 52 ya ɗebe 17. In ya ce 35, alhamdu lillahi. In ya ce 45, to ka gane ciwon: yana ɗebe ƙaramar lamba daga babba a kowane gida, bai san aro ba. In ya kai aji biyar, ka tambaye shi rubu'i da sumuni wanne ya fi yawa. In ya ce sumuni don 8 ta fi 4, ka yanka masa lemo ya gani. In yana ƙaramar sakandare, ka ce ya tara rabi da sulusi. Amsa biyar cikin shida ce. Mai cewa biyu cikin biyar yana bukatar a koma da shi baya. Kuma don Allah ban da duka. Bulala ba ta taɓa koya wa kowa gidan goma ba.

Na biyu, kowace unguwa ta nemi kwafin manhajar lissafi da tsarin zango daga hedimasta, a ajiye a ofishin ƙungiya. Ba takardar sirri ba ce. Wanda bai san abin da ake bin sa ba, ba zai san abin da yake bi ba.

Na uku, mu cika kujerunmu a kwamitin gudanar da makaranta, wato SBMC, da ƙungiyar iyaye da malamai. A tura masu zuwa taro, maza da mata, ba masu suna kawai ba. Makarantar gwamnati tamu ce mu da maƙwabtanmu. In za a rubuta wa SUBEB ko sakataren ilmi takardar neman malamin lissafi, a rubuta tare, kowa ya sa hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, mu riƙe malami da daraja. Wanda aka turo unguwarmu, ko wane ne shi, ko wane addini yake bi, baƙonmu ne, amanarsa na wuyanmu. Mai unguwa ya san shi, matasa su san shi. Alli da kwali da marafan kwalba ba su fi ƙarfin ƙungiya ba. Ɗalibanmu da ke Jami'ar Jos da masu jiran sakamako su ba da awa biyu ranar Asabar, a raba yara bisa abin da suka iya, ba bisa ajin da suke ba. Makarantun Islamiyya da na al'umma da muka gina da guminmu su ma su buɗe ƙofa ga wannan aiki.

Na biyar, shi ne mai nisa amma shi ya fi muhimmanci: mu haifi malamanmu. Ga Kwalejin Ilmi ta Gindiri, ga babbar makarantar horon malamai ta Tarayya a Pankshin, ga sashen ilmi na Jami'ar Jos, ga karatun NTI ga wanda ke aiki. Duk shekara ƙungiya ta ɗauki nauyin ko da yara biyu ne, namiji da mace, su karanci koyar da lissafi, da sharaɗin su dawo su yi wa unguwa aiki. Masu hali a cikinmu, wannan ma sadaka ce mai gudana.

Iyayenmu mata, kalma ɗaya gare ku. Ku ne kuke ganin littafin yaro kafin kowa. In kun buɗe kun ga mako biyu babu jan biron malami, ku sanar. Kuma yarinya tana da kai irin na yaro. A rage mata talla a lokacin darasi, za ku sha mamaki.

Jama'a, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hukuma ta rubuta abin da ya kamata ɗanka ya sani a kowane aji. Namu shi ne mu san abin da aka rubuta, mu duba ko ya isa kan yaro, mu tsaya bayan wanda aka ɗora wa isar da shi. Kwamiti zai zagaya unguwa-unguwa bayan wannan taro don karɓar sunayen masu ba da darasin Asabar, kuma a taro na gaba za mu karanta muku abin da kowace unguwa ta yi.

Allah ya shirya mana zuriya, ya saka wa malamanmu da alheri, ya zaunar da garinmu da jiharmu lafiya. Wanda muka ɓata wa a cikin magana ya yafe mana.